Fayil Ɗaya, Gidaje Uku: Lacca a kan Girka Terraform

Ya shugaban wannan zama, da malamaina masu daraja, da 'yan'uwana almajiran ilmin kwamfuta, an nemi in yi bayani a kan yadda ake girka manhajar nan Terraform a kwamfutoci iri-iri, na kuwa amsa ba don na fi kowa sani ba, sai don na sha wuyarta gwargwado.

Ita dai Terraform, wani kamfanin Amurka mai suna HashiCorp ne ya fito da ita a shekarar 2014, fa'idarta kuwa ita ce, maimakon ma'aikaci ya wuni yana danne-danne don ya kafa sabobi ɗaya bayan ɗaya, sai ya rubuta siffar abin da yake buƙata, ya ba ta umarni daga baƙin allon nan da ake rubuta umarni a kansa, ita kuwa ta je ta gina, ko ta gyara, ko ta rushe, daidai da yadda nassin ya zo. Duk wannan iko a cikin fayil guda ɗaya tak yake, domin da harshen Go aka rubuta ta, shi kuwa Go al'adarsa ce ya dunƙule manhaja da duk kayanta wuri ɗaya. Saboda haka haƙiƙanin girkawa bai wuce abu uku ba: ka sauke ƙunshin, ka kwance shi, ka ajiye fayil ɗin inda kwamfuta za ta gan shi.

Wannan na ukun shi ne inda akasarin almajirai suke tuntuɓe. Kowace babbar manhaja, ko Windows ce, ko macOS, ko Linux, tana da jerin wuraren da take dubawa idan an kira sunan wani umarni, jerin da ake kira PATH, kuma in fayil ba ya cikin ɗayansu, ko da yana nan ƙarƙashin hancinta, cewa za ta yi ba ta san shi ba. A Linux da macOS abin da sauƙi, a kai shi /usr/local/bin, shi ke nan. A Windows kuwa sai mutum ya shiga saituna ya ƙara sunan jakar da fayil ɗin yake ciki a PATH da hannunsa, sa'an nan ya rufe allon umarnin ya sake buɗewa, domin tsohon allon bai ji labarin canjin ba. Na taɓa ɓata rabin yini a wani ofis ina zargin kwamfuta, alhali allon umarnin kawai ya kamata in rufe. A kuma lura da irin ƙwaƙwalwar injin, domin tun 2020 da Apple ya fara sa tasa a kwamfutocinsa, akwai bugun amd64, akwai na arm64, kuma ba kowane takalmi ne ke shiga kowace ƙafa ba.

Amma abin da ya fi damuna, wanda dominsa na tsaya gabanku, shi ne mas'alar isnadi. Malamanmu na hadisi ba su karɓi matani ba sai sun tambayi daga wa aka ji shi, shi kuma daga wa, haka magabata masu kwafar littattafai ba su saki kwafi ba sai sun yi muƙabalarsa da asali. To, manhajar da za ka damƙa wa mabuɗan dukan sabobin ma'aikatarku, wadda da kalma ɗaya za ta iya share su, ta fi cancantar a bincika ruwayarta. HashiCorp yana wallafa lambar SHA256 ta kowane ƙunshi, ya kuma sa mata hatiminsa, ta yadda in harafi ɗaya ya canja a hanya lambar ba za ta dace ba. Mai Ubuntu ko Debian da ya ƙara rumbun kamfanin a apt, ya shigar da mabuɗin GPG tun farko, injinsa ne ke yi masa wannan muƙabala kullum, haka ma mai Fedora da dnf. Mai Windows da ya bi ta manhajar girkawa ta Chocolatey kuwa, ya sani ba kamfanin ke kula da wannan ƙunshi ba, wasu ne daban, wato an sami ƙarin mai ruwaya a tsakani. Ban ce mai rauni ba ne, na dai ce a san da shi.

Sai kuma abin da ya auku a watan Agusta na 2023, lokacin da HashiCorp ya sauya lasisin manhajar daga wanda ya sakar wa kowa mara zuwa mai sharuɗɗa. Wasu suka ɗauki tsohon matanin suka ci gaba da shi da sunan OpenTofu a ƙarƙashin Linux Foundation, su kuwa masu Homebrew, wanda masu macOS suka fi dogara a kansa wajen girka manhajoji, suka tsaya cik a bugu na 1.5.7 a babban rumbunsu, don haka mai son sabon bugu sai ya fara haɗa rumbun kamfanin, wato hashicorp/tap. Daga baya ma IBM ya saye kamfanin, cinikin ya kammala a 2025.

In an gama, a rubuta terraform version a ga bugun da ya amsa, a tabbata shi ne na sauran abokan aiki, domin littafin da manhajar ke ajiye lissafin abin da ta gina, in sabon bugu ya taɓa shi, tsoho yana iya ƙin karanta shi. Umarni na gaba, terraform init, shi ke sauko da tafintocin da ke magana da Amazon ko Google ko Microsoft, na Amazon kaɗai kuwa ɗaruruwan megabait ne in an kwance shi, don haka wanda ke sayen data da kuɗin aljihunsa ya jira sai ya zo nan harabar makaranta kafin ya danna.