Ɗaukar Hoton Ƙananan Shahuna a Sararin Sama

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Muna godiya ga kwamitin shirye-shirye da ya ba mu wannan dama. Batun da za mu gabatar a yau shi ne yadda ake ɗaukar hoton ƙananan shahuna suna cikin tashi, da kuma dalilin da ya sa muke ganin wannan aiki ya shafe mu, mu da muke zaune a birane muna leƙa gida lokaci-lokaci. Yawancinmu mun tashi ne muna jin yadda kaza ke kururuwa ta tattara 'yan tsakinta da zarar inuwar shirwa ko ta shaho ta gitta tsakar gida. To amma idan aka tambaye mu irin shahuna nawa ne a dajin garinmu, ko kuma aka ce mu nuna shaidar cewa suna nan yadda muka bar su, babu mai abin nunawa. Hausawa kuwa sun ce gani ya kori ji.

Dalilin wannan jawabi

A watan Janairu na shekarar 2024, wasu masana sun wallafa sakamakon ƙidayar tsuntsaye masu farauta da aka yi a sassa daban-daban na Afirka cikin shekaru 20 zuwa 40. Daga cikin iri 42 da suka duba, iri 37 sun ragu, kuma raguwar ta fi tsanani a Afirka ta Yamma. Wani ɓangare na wannan ƙidaya aikin wani Bafaranshe ne mai suna Jean-Marc Thiollay, wanda ya bi hanyoyin Burkina Faso da Mali da Nijar yana ƙirga tsuntsaye daga 1969 zuwa 1973, sa'an nan ya sake bin hanyoyin nan bayan kimanin shekara talatin. Da bai ajiye lissafin farko ba, da babu abin da za a gwada na biyu da shi. Hoto mai ɗauke da rana da wuri irin wannan ajiya ce, kuma kowannenmu zai iya yin ta.

Waɗanne tsuntsaye muke nufi?

Ƙananan shahuna da muke magana a kansu girmansu bai wuce na tattabara ba. Na farko shi ne wanda masana ke kira Falco tinnunculus. Shi ne za ku gani ya tsaya cak a sama yana karkaɗa fukafukai, ya baza wutsiya, kansa ba ya motsi, yana duban ɓera ko ƙadangare a ƙasa.

Na biyu ɗan'uwansa ne da ya ɗan fi shi ƙanƙanta, Falco naumanni, kuma baƙo ne. Yana ƙyanƙyasa a ƙasashe irin su Sifen da Italiya da Girka da Turkiyya, sa'an nan ya ƙetaro Sahara bayan damina ya yi rani a wajenmu yana cin fara. Na'urorin bin sawu da aka ɗaura wa wasu daga Italiya da yankin Balkan sun nuna cewa suna sauka a Nijar da arewacin Nijeriya da Chadi. A watan Janairu na 2007, an gano makwancinsu a wani tsibiri kusa da Kaulaha ta ƙasar Senegal, inda aka ƙirga sama da 28,000 a wuri guda. Tsuntsun da ke cin fara haka abokin manomi ne.

Na uku shi ne shaho mai jan wuya, wanda ba ya rabuwa da giginya: a kanta yake hutawa, a kanta yake yin sheƙa. Yana farautar ƙananan tsuntsaye da sassafe da kuma yamma lis, sau da yawa namiji da mace tare, suna tafiya ƙasa-ƙasa da gudu kamar kibiya. Na huɗu kuwa, Falco alopex, jajaye ne mai doguwar wutsiya, mazaunin duwatsu.

Kayan aiki

Wahalar wannan aiki guda biyu ce: tsuntsun ƙarami ne, kuma yana da sauri. Don haka ana bukatar kyamara mai madubin jawo nesa na milimita 400 ko fiye. Kyamarorin da aka yi a shekarun baya-bayan nan suna iya gane idon tsuntsu su bi shi da kansu, wanda ya sauƙaƙa aikin ƙwarai. Amma wanda ke da tsohuwar kyamara kada ya karaya, domin manyan hotunan tsuntsaye da yawa an ɗauke su tun kafin a ƙirƙiro wannan dabara. Wayar hannu ba za ta fitar da gashin fukafuki daga nesa ba, sai dai tana da amfaninta wajen ajiye rana da wuri da yanayin dajin.

Saita kyamara

Abu na farko shi ne saurin ƙiftawar kyamara. Idan shaho yana gudu, a saita ta a 1/2000 na daƙiƙa, ko 1/3200 idan haske ya wadata. Ƙasa da haka hoton zai fito a dusashe. Idan kuwa ya tsaya cak yana karkaɗa fukafukai, ana iya saukowa zuwa 1/500. A nan kai zai fito tar, bakin fukafukai kuma ya ɗan yi hazo-hazo, wanda ke nuna wa mai kallo cewa akwai motsi.

Abu na biyu shi ne ƙofar haske. Tsakanin f/5.6 da f/8 ya wadatar. Shi kuwa ma'aunin da ake kira ISO, a bar kyamara ta riƙa zaɓa da kanta. Gara hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa da ya fito daram, da mai santsi wanda ya dusashe.

Abu na uku, wanda ya fi kayar da masu koyo, shi ne hasken sama. Kyamara takan ga sararin sama ya yi fari, sai ta rage haske, tsuntsun ya fito baƙi ƙirin kamar inuwa. Maganin wannan shi ne a ƙara haske da mataki ɗaya ko biyu, musamman a lokacin hunturu da hazo ke mayar da sama fari fat.

Abu na huɗu, a sa kyamara ta riƙa bin abin da ke motsi ba tare da tsayawa ba, ta kuma riƙa ɗaukar hotuna a jere. A fara bin tsuntsun tun yana nesa, a juya da ƙugu ba da hannu kawai ba, gwiwar hannu a manne da jiki. Kada a damu idan cikin hoto ɗari biyar ne kawai suka yi kyau, haka aikin yake ga kowa.

Sanin tsuntsu ya fi kayan aiki

Jama'a, duk tsadar kyamara ba za ta maye gurbin sanin halin tsuntsu ba. Shaho yana tashi ne yana fuskantar iska, haka ma idan zai sauka ko zai tsaya cak. Saboda haka, wanda ya tsaya iska da rana suna bayansa, tsuntsun zai fuskance shi, haske kuma ya faɗa a ƙirjinsa da idonsa. A lokacin hunturu iska na busowa daga arewa maso gabas, rana kuma na fitowa daga gabas, don haka safiya ce ke haɗa mana su biyun a gefe guda. Da tsakar rana kuwa zafin ƙasa kan sa iska ta riƙa rawa, hoton nesa ba ya fita ko da an saita komai daidai.

Haka kuma, waɗannan tsuntsaye suna da wuraren zama da suka saba: turken wuta, busasshen reshe, ko kan giginya. Wanda ya lura da wurin ya zauna shiru daga nesa, tsuntsun zai dawo. Sau da yawa kafin ya tashi yakan girgiza jiki, ya yi kashi, ya sunkuyar da kai. Wannan ita ce alamar a shirya. Mota ma maɓoya ce mai kyau, domin ba su cika tsoron ta ba kamar yadda suke tsoron mutum a tsaye. Sukan taru kuma inda ƙwari suka tashi da yawa, kamar fitar shinge a farkon damina, ko gonar da fara ta sauka.

A kula da ƙura. Kada a canza madubi a fili lokacin hunturu, kuma a rufe kyamara da ƙyalle idan ba a aiki da ita.

Ladubban aiki

Ba a hawa giginya ko dutse don leƙa sheƙa, domin uwa na iya gudu ta bar ƙwai ga rana da hankaka. Ba a ɗaure ɓera ko ɗan tsako don jawo shaho, ba a jifa don ya tashi, kuma ba a cinna wa daji wuta don tara tsuntsaye. Bugu da ƙari, a halin tsaron da ake ciki, mutum riƙe da dogon madubi a bayan gari zai iya jawo zargi. A fara gaida mai unguwa ko dagaci a sanar da shi, a nemi izinin mai gona, a tafi da ɗan gari, a kuma nisanci wuraren jami'an tsaro.

Amfanin hoton

Wani zai ce, bayan sha'awa mene ne ribar wannan wahala? Na farko, hoto yana raba gardama. Matan shahunan nan biyu na farko da muka ambata suna kama da juna ƙwarai, har masana kan ruɗe. Amma faratan baƙon farare ne, na ɗayan kuwa baƙaƙe, kuma hoto mai kyau yana nuna wannan.

Na biyu, hoto yana iya ceton tsuntsu. Akwai wani ƙaramin shaho, Falco amurensis, da ke tasowa daga gabashin Rasha da arewacin Sin zuwa kudancin Afirka, yana ƙetare teku ba tare da sauka ba. A 2012, masu kare namun daji sun ɗauki hotunan yadda ake kama su da raga a bakin tafkin Doyang da ke jihar Nagaland ta Indiya, inda aka ƙiyasta ana kashe 120,000 zuwa 140,000 a shekara. Hotunan sun zagaya duniya. A 2013 gwamnatin jihar da majalisun ƙauyuka suka hana farautar, kuma ƙauyen Pangti ya koma wurin da baƙi ke zuwa kallon tsuntsayen.

Na uku, akwai inda za a kai bayanin. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke kusa da Jos ta fara aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya a 2015, kuma tana karɓar bayanai daga 'yan sa-kai.

Kammalawa

Daga ƙarshe, muna kira ga duk mai kyamara a cikinmu, idan ya je gida hutu ko biki, ya ware safiya ɗaya ya fita bayan gari, ya tafi da yaransa. Ya rubuta rana da wuri a kan kowane hoto, ya kuma aiko wa sakatariya kwafi domin a adana. Muna roƙon iyayenmu sarakuna su sa ido a kan saran giginya da ake yi don azara, a riƙa dasa wasu a madadinsu, domin idan giginya ta ƙare shaho mai jan wuya zai rasa mazauni. Su kuma dattawanmu, musamman manoma da maharba, su taimaka mana da sunayen da suka san waɗannan tsuntsaye da su, a rubuta a ƙarƙashin hotunan kafin sunayen su ɓace.