Me Za Ka Kai Wa Ubangiji Ran Kirismati?

  

Ko ba ka duba kalanda ba ka san Kirismati ya matso, gama kasuwa ta riga ta faɗi. Tela ba ya barci, kekensa yana kuka har asuba. Mai kaji ya ƙara kuɗi, mai awaki kuwa sai ka taya sau uku kafin ya dube ka. Uwar gida tana lissafin shinkafa da mai da tumatir, yara suna lissafin biskit da sabon takalmi. Ran 25 ga Disamba kwanuka za su yi ta fita daga gida zuwa gida, ran 26 kuma, da ya ke ranar hutu ce a Gana, a ci gaba da ziyara.

Ni ban ga laifi cikin wannan ba. Maƙwabcinka Musulmi ya aiko maka da nama ran Babbar Salla, daidai ne kai ma ka aika masa da kwanon shinkafa ran Kirismati, yaron da ya kai kuma ya sami tukuicinsa. Da irin wannan ne zango ya ke zaune lafiya, kada a bari ya mutu.

Amma, ya ɗan'uwana, akwai kyauta, akwai kuma abin da ya ari sunan kyauta. Ke da ki ke zuwa biki kin sani. Abin da kika kai wa ƙawarki ran suna tana riƙe da lissafinsa, ke ma kina riƙe, ran naki bikin kina jira ya komo har da ƙari. Wannan bashi ne da ya yafa zane mai kyau. Akwai kuma ɗan akuyan da a ke kai wa babban mutum a ƙarshen shekara domin ya tuna da mai kawowa. Abin tsoro shi ne, da yawa cikinmu haka mu ke yi da Allah. Mu sa sidi goma cikin baiko ran Kirismati, zuciya tana cewa, to, na saka, sai ya mayar mini da ɗari cikin sabuwar shekara. Ashe ciniki mu ke yi da shi.

Allah bai jira bikinmu ba kafin ya yi tasa kyauta. Ya ba da Ɗansa, Yesu Almasihu, tun ba mu roƙa ba, ga mutanen da ba su da abin ramawa. Dubi kuma inda ya ajiye kyautar. Maryamu da Yusufu baƙi ne a Baitalami, masauki ya cika, aka kwantar da jariri cikin komin dabbobi. Mu mutanen zango ya kamata mu fi kowa gane wannan, gama zango wurin saukar baƙi ne. Nima ɗin nan ma, wajen shekarar 1931, fili ne da Malam Amadu Futa ya samu daga gidan Odoi Kwao yana tsare shanu kafin a kai su kasuwa. A wuri irin wannan aka haifi Mai Ceto.

To, me za a kai wa wanda ya yi irin wannan kyauta? Bishara ta Matta, sura 2, ta ba da labarin masanan gabas da suka kawo zinariya da lubban da mur. Kowa ya riƙe kayan nan uku, yara ma suna jera su da ka. Abin da a kan manta shi ne, kafin su kwance kayansu sai da suka fāɗi ƙasa suka yi masa sujada. Mutanen suka fara isa gabansa, kaya suka biyo baya.

Manzo Bulus ya ga irin wannan a ƙasar Makidoniya, inda ikilisiyoyin Filibi da Tasalonika su ke. Yana tara gudummawa domin matalautan masu bi na Urushalima. Mutanen Makidoniya kuwa su kansu matalauta ne, suna cikin wahala, irin waɗanda mai tara kuɗi zai ji kunyar miƙa musu kwano. Sai ga shi su ne su ke roƙonsa ya bar su su sa hannu, suka kuwa bayar har fiye da ƙarfinsu. Cikin wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korintiyawa, sura 8, ya faɗi asirin abin: kansu suka fara miƙa wa Ubangiji, kana dukiyarsu ta bi.

Kai ɗan kasuwa ne, bari in yi maka magana da bakin kasuwa. In ka auna wa mai saye mudu uku, ka kan ɗebi ɗan kaɗan da hannu ka zuba masa gyara. Gyara ba ta taɓa uwar kuɗi, ba ta hana ka barci. Abin da yawancinmu mu ke ba Allah ke nan. Kwana shida namu ne, da ƙarfinmu da wayonmu, sa'an nan mu ɗebi sa'a biyu ran Lahadi mu zuba masa. Ran Kirismati mu ƙara ɗan hannu guda, mu koma gida muna jin mun yi ƙoƙari.

Akwai wata kalma dabam da ka sani. Muddin mai kaya yana cewa albarka, kayan nasa ne. Amma da zarar ya ce ya sallama, magana ta ƙare. Ba shi da ikon bin mai saye gida ya ce a daka hatsin nan kaza, ko kada a yanka ragon nan sai jibi. Bangaskiya ke nan: ka daina ce wa Yesu albarka. Shekara nawa yana tsaye bakin rumfarka, ya biya da jininsa a kan gicciye, kai kuwa kana ta juya kai kana cewa a dawo gobe? Wanda ya sallama kansa, bakinsa da hannunsa da aljihunsa sun zama na wani.

Kada ka ce wannan sai manya masu ilimi. Cocin Katolika da ke Nima sunan wani yaro ya ke ɗauke da shi, Kizito. Yaron fada ne a gidan Mwanga, sarkin Buganda, cikin ƙasar da a ke kira Uganda yanzu, shekarunsa kamar 14. Charles Lwanga ya yi masa baftisma a ɓoye cikin watan Mayu 1886, ran 3 ga Yuni kuma aka ƙone shi da wuta a Namugongo tare da 'yan'uwansa, domin sun ƙi sakin Almasihu. A 1964 Paparoma Paul na 6 ya sa su cikin tsarkaka. Yaron nan ba shi da gona, ba shi da rumfa, ko kaza bai kai wa kowa ba. Kwanaki kaɗan ya yi da baftisma, amma da aka zo karɓar abin da ya sallama, bai ce ya fasa ba.

Ba na tsammani za a kai ka wuta. Naka gwajin yana cikin rumfa, kuma kullum ne. Mudun da aka buge gindinsa, wanda ya sallama kansa ba ya awo da shi, ko cikin makon Kirismati da mai saye ba shi da lokacin dubawa. 'Yar dakon da ta ɗauko maka kaya tun daga Makola da goyo a bayanta, biya ta hakkinta cikakke kafin ka sayi lemon baƙi. Kuɗin makarantar yaro na watan Janairu, kada ya ƙare a gidan giya ran 24 da dare. In kuwa akwai ɗan'uwan da kuka shekara ba ku gaisa ba, kwanon farko nasa ne, kuma da ƙafarka za ka kai, kada ka aiki yaro.

Wataƙila bana hannunka babu kome, kasuwa ta ƙi, kana jin kunyar shiga sujada da tsohuwar riga. Zo haka nan. Gwauruwar da Yesu ya yaba a Haikali anini biyu ta saka, su ke nan kuwa abin da ta ke da shi.

In kana so ka yi wannan sallamawa yau, sunkuyar da kanka inda ka ke, mu yi addu'a tare. Ya Ubangiji Yesu, ka daɗe kana jirana. Ga ni, da zunubina da rumfata da iyalina, na sallama. Ka karɓe ni, ka riƙe ni, kada in koma in ce na fasa. Amin.