Ɓuntun Shinkafa Da Sha'anin Dalma A Ruwan Sha



A watan Janairu na 1922 ba a san Abuja ta yanzu ba, amma a watan Janairu na 2022 duk ƙasar nan ta zuba mata ido, sa'ad da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe dalar shinkafa wadda masu shirya bikin suka ce ta kai buhu miliyan ɗaya. An yi ta yabon shinkafar, ba wanda ya tuna da ɓuntunta. Alhali kuwa in aka auna shanshera buhu biyar, nauyin buhu ɗaya ɓuntu ne, wanda injinan casa ke jibgewa a bayan gari ana cinna masa wuta. A kan wannan abin banzan za a yi magana yau.

Akwai wasu ƙarafa masu guba da ke narkewa cikin ruwa ba tare da sun sāke masa launi ko ɗanɗano ba, watau irin su dalma da zaiba da kuromiyam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada dalma ta wuce miligiram 0.01 a cikin lita guda ta ruwan sha. Tafasawa ba ta raba ruwa da su, hasali ma tururi ne ke tashi ya bar gubar a tukunya. Mutanen Arewa sun riga sun ɗanɗani ɗacin dalma. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum ta Jihar Zamfara, saboda niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje, sa'an nan a 2015 aka rasa yara 28 a yankin Shikira ta Jihar Neja. Lalle ƙura da ƙasa ne suka fi yin ɓarnar, amma kududdufan da aka wanke duwatsun a ciki su ma sun gurɓace. A Kano kuwa, majeman dā da bagaruwa suke jima, masana'antun Sharaɗa da Challawa na zamani da gishirin kuromiyam suke yi, ruwan da suke zubarwa kuma ya daɗe yana gangarawa kogin da ake noman rani da shi.

To, ina ɓuntu ya shigo? Masana kimiyya a jami'o'in ƙasar nan da na waje sun gwada shi, tare da ɓawon gyaɗa da totuwar masara da tuƙar rake. Akan wanke su, a shanya, a niƙa, ko kuma a gasa su cikin tanderun da iska ba ta shiga sosai har su zama gawayi. Gawayin da aka gyara da kyau cike yake da ƙananan ramukan da ido ba ya gani, har giram ɗaya tak yakan ƙunshi fili mai faɗin murabba'in mita 500 ko fiye. In gurɓataccen ruwa ya ratsa shi, sai ƙwayoyin ƙarfen su manne a jikin ramukan, ruwan ya wuce ya bar su. Aikin yakan danganta da tsamin ruwan, da yawan garin da aka zuba, da tsawon lokacin da suka jima tare. Ribar a fili take: gawayin tace ruwa da ake sayowa daga waje da kuɗin waje ake biyansa, wannan kuwa a juji yake.

Sai dai a yi hattara. Yawancin gwaje-gwajen nan a kwalabe aka yi su cikin ɗakin bincike, kogi kuwa ba kwalba ba ne. Kada wani ɗan ga-ruwa a Agege ko Sabon Badun ya ji wannan jawabi ya zuba ɓuntu a jarka ya ce ya gama. Ba a sanin ruwa ya tsarkaka sai an auna shi. Har wa yau, gawayin da ya ƙoshi da dalma shi kansa ya zama guba: ba a yin girki da shi, ba a kai shi gona a matsayin taki, ba a barinsa inda dabbobi ke kiwo.

Maganar ta fi shafar 'yan'uwa mazauna Kurmi masu sana'ar gwangwan. Duk mai fasa tsohon batirin mota yana tsiyayar da ruwansa a ƙasa, to, dalma yake shayar da rijiyar unguwarsu, kuma yara ƙanana ne ke fara kwasar ta.

Hukumomin da aikin ya rataya a wuyansu suna nan Abuja. Akwai Hukumar Binciken Albarkatun Masana'antu da aka kafa a 1987, da hukumar NESREA mai tilasta bin dokokin muhalli tun 2007, ga kuma cibiyar kimiyya ta Sheda a ƙaramar hukumar Kwali. Abin da ake roƙo gare su shi ne su ɗauki masana'antar jima ko da guda ɗaya, su gina mata matatar ɓuntu, su auna ruwan da ke shiga da wanda ke fita har shekara ta zagayo, su buga sakamakon da Hausa, su kuma faɗi inda za a binne gawayin bayan ya gama aiki.