A Gwada Ƙasa Kafin A Haƙa Shadda

Wannan jawabi ne da malamin duba-gari ya yi wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci a kan zaɓen filin gina gida.

Malamin ya fara da sallama. Ya ce mai sayen fili yakan duba faɗinsa da kusancinsa da hanya, amma ba kowa ke tambayar yadda ƙasar wurin ke shan ruwa ba. Sai an gama gini, damina ta sauka, shadda ta cika ta tumbatsa a tsakar gida. Ga asarar kuɗi, ga wari, ga rigima da maƙwabta.

Ya ce shaddar zamani rami biyu gare ta. Na farko rufaffe ne na siminti, a nan ƙazanta ke kwantawa. Na biyu shi ne sokawe, inda ruwan ke tsanewa cikin ƙasa. Ƙasa ce ke tace wannan ruwa. Idan laka ce, kamar ta fadama, ruwan ba ya wucewa, sai ya dawo sama. Idan kuma yashi ne zalla ko tsakuwa, ruwan yakan wuce da sauri bai tacu ba, ya tafi da ƙwayoyin cuta har cikin rijiya. Ta haka iyali ke kamuwa da amai da gudawa da zazzaɓin taifot. Ya tuna wa jama'a cewa a shekarar 2021 amai da gudawa ya kashe fiye da mutum 3,000 a Nijeriya, kuma Bauchi da Kano da Jigawa da Zamfara suna cikin jihohin da abin ya fi shafa.

Yadda Ake Gwajin

Malamin ya ce gwajin ba ya cin kuɗi. Diga da shebur da bokiti da kara da agogo sun isa.

1. A haƙa rami har zurfin da ruwan shaddar zai riƙa tsanewa. A gindinsa a ƙara ɗan rami mai faɗin ƙafa 1 da zurfin ƙafa 1, wato santimita 30.

2. A cika ɗan ramin da ruwa, a bar shi ya kwana. Busasshiyar ƙasa tana da ƙishi. In ba a jiƙa ta ba, za ta ruɗi mai gwaji.

3. A sami kara mai tsawon ƙafa 1, a yi masa zane uku don ya rabu gida huɗu daidai. A tsayar da shi a ramin.

4. Da safe a sake cika ramin. Idan ruwa ya sauko kan zanen sama, a duba agogo. Idan ya kai zanen ƙasa, a sake dubawa, a rubuta.

5. A maimaita sau 3, kuma a yi a rami biyu aƙalla. Kada a yi gwajin ranar da aka tafka ruwan sama.

Abin Da Agogo Ya Nuna

Idan ruwan ya sauka daga zanen sama zuwa na ƙasa cikin ƙasa da rabin awa, wurin ya cika saurin sha. Idan ya wuce awa 4, ƙasar ta cika riƙo. Abin da ya faɗo tsakanin waɗannan biyu shi ake so. Idan kuwa aka wayi gari ruwan jiya yana nan kwance, to, wurin bai dace da sokawe ba.

Wani dattijo ya tambaya, to wanda ya riga ya sayi fili mai laka fa? Malamin ya ce kada ya yi gaggawar haƙa. Ya je ofishin duba-gari na ƙaramar hukuma ya nemi shawara. Wani wurin akan ɗaga masai a kan tudun da aka cike. Wani wurin kuma rufaffen rami ake yi, a riƙa kwashewa.

Rijiya Da Ruwan Ƙasa

Ya ƙara da cewa a bar tazarar mita 30 tsakanin shadda da rijiya, wato kamar taku 40 na babban mutum. Har rijiyar maƙwabci a sa ta cikin lissafi. Rijiya ta kasance ta wajen tudu, shadda ta wajen gangare. Gindin ramin kuma ya fi ruwan ƙasa tudu da ƙafa 5 aƙalla. Mai son sanin inda ruwan ƙasa yake, ya leƙa rijiyoyin unguwa a watan Agusta ko Satumba, lokacin da suka fi cika. Daga na gaba ake ganin zurfin ruwa.

A ƙarshe malamin ya ce tun da ɗalibai sun iya karatu da lissafi, kowa zai iya yin wannan gwaji ya rubuta da hannunsa. Ya roƙe su su yi shi kafin su biya kuɗin fili, domin ba a fafe gora ranar tafiya.