Hular da yaro ba zai cusa a aljihu ba

An ce in yi magana a kan ɗinka wa yara kayan sanyi a gida. Ni ba tela ba ce, keke ɗaya gare ni a lungun falo, amma shekaruna a Mancesta sun isa in faɗi abin da na gani.

Kowace uwa a ɗakin nan ta san wannan wahalar. Ki sayi hula, ki ɗaura wa yaro da safe, kafin ku kai ƙofar makaranta ta koma aljihu. Bayan kwana uku ta ɓace. Ki sake saya, ta sake ɓacewa, ga kuɗin gas da lantarki da suka hau tun 2022 suna jiran mutum a gida. Yaro kuwa ya dawo kunnuwa kamar ƙanƙara. Abin da na lura shi ne yaro ba ya yar da abin da abokansa suka taru suna kallo. Hula mai kunnen zomo, ko mai zankon zakara, ko safar hannu mai bakin kada, ita ce ake dawowa da ita gida, har a yi kuka idan an ce za a wanke. Saboda haka wasan da ke jikin hular shi ne ke riƙe ta a kai, kada wata ta ɗauka ɓata lokaci ne.

Ga sababbin zuwa, bari in fara da yadi, don a nan ake yawan faɗawa rami. Sanyin hunturu da muka sani busasshe ne, hantsi ya yi ya sake ka. Na nan jiƙaƙƙe ne, yayyafi da iska, kuma a Disamba ƙarfe huɗu ba ta cika rana ta faɗi. Auduga tana shan ruwa ta riƙe, idan ta jiƙe sai ta riƙa janye ɗumin jiki. Atamfa da shadda auduga ne, su kaɗai ba za su tsare yaro ba komai kyansu. Abin da ake nema shi ne yadin nan mai laushi kamar bargon jarirai, wanda ake kira filis. Ba ya riƙe ruwa, yana bushewa da wuri, kuma babban alherinsa ga mai koyo shi ne bakinsa ba ya zarewa idan an yanka, ba sai an yi kalmasa ba. Rabin mita ya ishi huluna uku ko huɗu na yara. A cikin gari akwai shagon Abakhan da ke sayar da ragowar yadi a kan sikeli, a kasuwar Longsight ma ana samun masu yadi. Wadda ba ta son kashe ko sisi ta duba tsohuwar rigar sanyin maigida. Idan ta ulu ce tsantsa, a wanke ta da ruwan zafi a inji, za ta tsuke ta yi kauri, sai a yanka safar hannu a jikinta.

Yanzu awo. A zagaya tef a kan yaro ta saman gira da kunne. Ɗan shekara ɗaya yakan kai wajen santimita 46, ɗan shekara biyar wajen 51, babba 56 ko fiye, amma ki auna naki, kawunan gidanmu ba ɗaya ba ne. Filis yana miƙewa ta gefe ɗaya fiye da ɗayan. Ja shi da hannu ki gani, gefen da ya fi miƙewa shi zai zagaya kai. Rage santimita biyu daga awon don hular ta kama, sannan ki ƙara ɗan abin da ɗinki zai ci. A haɗa gefe da gefe ya zama kamar bututu, a naɗe ƙasan sau ɗaya ya rufe kunne, a rufe saman. A sa keke a zigizag, domin miƙaƙƙen ɗinki yana tsinkewa idan yaro ya ja. Kuma kada dutsen guga ya kusance shi, narkewa yake yi.

Kafin a rufe saman nan ne ake wasan. A yanka kunnuwa, a cusa su cikin ɗinkin, shi ke nan. Dogaye biyu, zomo. Gajeru masu zagaye, kura. Jan ƙyalle mai tsini-tsini daga goshi zuwa ƙeya, zakara. A nan atamfa take da wurinta: cikin kunnen, ko zankon, ko ɗan faci a gaba. Tun da ba ta miƙewa, kada a zagaya kai da ita, za ta matse. Guntayen ankon biki da ke cike da akwatunanmu, waɗanda ba su isa riga ba kuma zuciya ba ta yarda a zubar, ga aikinsu ya samu. Wani abin dariya ma, atamfar Ingila da iyayenmu ke ji da ita a lefe, a nan kusa da mu aka daɗe ana buga ta, a garin Hyde, kafin aikin ya koma Gana. Idan ɗanki ya sa ta a kunnen zomo ya tafi makaranta, gida ta dawo.

Wadda na fi so a duk abin da na ɗinka ita ce hular Gizo: baƙar hula, ƙafafu takwas gajeru suna reto a gefe. Yaranmu da aka haifa a nan sun san kowane dodo na talabijin, amma da yawa ba su taɓa jin Gizo da Ƙoƙi ba. Yaron da ya sa wannan hula sai an tambaye shi ko mece ce, shi kuma sai ya dawo ya tambaye ki. Daga nan tatsuniya ta samu ƙofa, da Hausa, ba tare da an zaunar da kowa an ce yau za a koyi harshe ba. Na ga yarinyar da ke jin kunyar a ga mahaifiyarta da zani a bakin makaranta, ita ce kuma ta tsaya gaban aji tana bayanin atamfar da ke kunnen hularta.

Na san a cikinmu akwai waɗanda zuciyarsu ba ta kwanta da siffar dabba a jikin tufafi ba. Wannan magana ce ta malamai, kowa ta tambayi wanda ta yarda da shi. Ta fuskar ɗinki dai, ba dole sai an yi ido da baki ba. Kunne kaɗai ya isa yaro ya gane zomo. Ana kuma iya barin dabbobi gaba ɗaya a yi kankana, kore a ƙasa ja a sama da ɗigon baƙi, ko abarba, ko tauraro.

Sai abin da na fi so ku riƙe ko da kun manta sauran. Kada a sa wa hular ƙaramin yaro igiyar ɗaurewa a wuya. Igiya tana maƙalewa a lilo ko a ƙarfen wurin wasa, kuma a 1976 aka kafa doka a ƙasar nan da ta hana sayar da rigunan ƙananan yara masu igiya a hula saboda haka. Dogon ƙyallen da ake naɗawa a wuya ma haɗarinsa ke nan. A madadinsa a ɗinka ɗan gajeren bututu na filis da ake zurawa ta kai ya zauna a wuya, ba shi da jela. 'Yan matanmu masu hijabi sun fi kowa jin daɗinsa, yana zama a ƙarƙashi ba ya tayar da komai. Na biyu, ban da maɓalli ko dutsen ado a kayan yaron da bai kai shekara uku ba, zai ɓalle ya kai baki. A yanka ido da ƙyalle a ɗinke shi tam. Na uku, jariri ba ya barci da hula a cikin ɗaki. Mu mun taso ana lulluɓe jariri har kai, kakanni kuma suna waya daga gida suna cewa a ƙara masa bargo, amma jariri ta kai yake fitar da zafi, kuma ma'aikatan lafiya a nan suna cewa ɗakin barcinsa ya tsaya tsakanin digiri 16 da 20, a cire hula da an shigo. A ƙarshe, tun da duhu ke riskar yara a hanyar Islamiyya, a ɗinka ɗan tef mai ƙyalli a bayan hula, fitilar mota na haska shi direba zai gani.

'Yan'uwa na gida, ku ma da rabonku. Yaran da ke fita makarantar allo da asuba a watan Janairu sun san muku-muku, balle wanda ya taɓa kwana a Jos. Bargon filis na gwanjo, irin wanda ake samu a kasuwar Ƙofar Wambai a Kano, guda ɗaya zai fitar da huluna masu yawa, kuma allura da zare sun isa ko babu keke. Sai dai ku kula ƙwarai: wannan yadi ɗan'uwan leda ne, idan wuta ta taɓa shi yana narkewa ya manne a fata. Yaron da zai zauna jin ɗumi a bakin murhu ko kaskon gawayi a cire masa, haka mu ma a nan kada a shanya shi a kan hita mai jan wuta.

Shugaba ta amince a taro mai zuwa mu zo da kekuna uku. Kowa ta taho da awon kan 'ya'yanta a rubuce, da guntayen atamfa, da almakashi mai kaifi idan tana da shi. Wadda ba ta taɓa taka keke ba za ta yi yanka, manyan yara su zana kunnuwa a takarda. Abin da ya ragu bayan kowane yaro ya samu tasa za a haɗa a ba wanda zai fara tafiya gida kafin hunturu.