DAMUWA, ƘIBA DA CIWON SUKARI: DARASI DAGA MAIDUGURI

Wannan lacca an shirya ta ne musamman domin 'yan Arewa da neman abinci ya kai su biranen kudu, watau mazauna Agege da Idi-Araba a Ikko, da Sabo ta Badun, da Shagamu, da Anaca, da Fatakwal. Maganar da za a tattauna ita ce dangantakar da ke tsakanin damuwar zuciya da ƙibar jiki, da kuma cututtukan da suke biyo bayansu, irin su ciwon sukari da hawan jini. An ɗauki Maiduguri ta zama misali saboda babu wani birni a Nijeriya da ya ɗanɗani tashin hankali mai tsawo kamar ta a wannan zamani, kuma 'ya'yanta da yawa suna zaune a kudu, jiki a can, zuciya a gida.

Tun daga watan Yuli na 2009 da rikicin Boko Haram ya ɓarke, mutanen Jihar Barno ba su sami cikakken kwanciyar hankali ba. Fiye da mutum miliyan 2 suka rasa muhallinsu a Arewa maso Gabas, kuma kaso mai yawa daga cikinsu Maiduguri suka nufa, daga Bama da Gwoza da Baga da sauran garuruwa. A 2021 aka fasa turakun da ke kawo wutar lantarki daga Damaturu, birnin ya shiga duhu na watanni. A watan Fabrairu na 2023 gobara ta cinye Kasuwar Monday. Ran 10 ga Satumba, 2024 kuma madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye unguwanni, ya shiga fadar Shehun Barno da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu. Duk wanda ya rayu cikin waɗannan musibu, ko ya riƙa jin labarinsu ta waya yana nesa da iyalinsa, lalle sun bar masa tabo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2019 cewa a wuraren da aka yi yaƙi, mutum 1 cikin 5 yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kamar ciwon damuwa ko fargaba mai tsanani.

YADDA DAMUWA KE AIKI A JIKI

Allah Ya halicci ɗan Adam da wata dabara ta kare kai. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da ke fitar da sinadarai cikin jini da zarar mutum ya ji tsoro. Ɗaya daga cikinsu shi ne wanda likitoci ke kira kotizol. Aikinsa shi ne ya sa hanta ta zuba sukari cikin jini, ya ɗaga bugun jini, domin mutum ya sami ƙarfin gudu ko na kokawa. Idan hatsarin ya wuce sai sinadarin ya sauka, jiki ya koma daidai. To, amma idan tsoro ya zama na kullum, yau ƙarar bom, gobe bashi, jibi kuɗin makarantar yara, sai wannan tsari ya rikice. Sukari ya daɗe cikin jini, sinadarin insulin da ke shigar da shi cikin tsoka ya rage tasiri, kitse kuma ya riƙa taruwa a ciki, kewaye da hanji da hanta. Wannan kitse na tumbi shi ne mafi hatsari, domin yana sakin abubuwan da ke ɓata hanyoyin jini.

Hanya ta biyu ita ce barci. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Chicago ta Amurka a 2004 ya nuna cewa samarin da aka rage wa barci zuwa awa 4 na dare biyu kacal, sinadarin da ke sa jin yunwa ya ƙaru a jininsu, wanda ke sa jin ƙoshi kuwa ya ragu, suka koma kwaɗayin kayan zaƙi da na gari. Maigadin da ke kwana a farke, da direban tirela da ke tafiyar dare tsakanin Maiduguri da Ikko, da magidancin da tunani ya hana shi runtsawa, duk wannan magana ta shafe su.

Hanya ta uku ita ce halin da damuwa ke jefa mutum. Wanda zuciyarsa ta ƙuntata ba ya sha'awar fita, ba ya motsa jiki, yakan nemi sauƙi wajen shayi mai sukari da lemon kwalba da taba, yakan kuma yi sakaci da shan magani. Manomin da ya saba yini a gona a Konduga, in ya koma zaman rumfa a birni ba aiki, abincinsa ya koma taliya da farar shinkafa da burodi, jikinsa ba zai zauna yadda yake a da ba.

HANYA CE MAI ZUWA DA DAWOWA

Masana a ƙasar Holan sun tattara binciken da aka yi a kan dubban mutane, suka buga sakamakon a 2010. Sun gano cewa mai ciwon damuwa ya fi wanda ba shi da shi hatsarin yin ƙiba da kashi 58 cikin 100, mai ƙiba kuma ya fi hatsarin kamuwa da ciwon damuwa da kashi 55 cikin 100. Haka nan an tabbatar cewa masu ciwon sukari sun ninka sauran jama'a wajen fama da damuwa. Ke nan kowanne yana ciyar da ɗan'uwansa: damuwa ta kawo tumbi, tumbi ya kawo ciwon gwiwa da kasala da sukari, kuɗin magani da zaman gida su ƙara damuwa.

Wani zai ce, ai matsalar Barno yunwa ce, ina maganar ƙiba? Gaskiya ne yunwa tana nan, kuma ciwon damuwa yakan ramar da wasu maimakon ya sa su ƙiba. Amma yunwar yau tana iya zama silar ciwon gobe. A 2010 aka buga wani bincike da aka yi a kasuwannin Inugu, inda aka auna mutanen da aka haifa lokacin yunwar yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Da suka kai shekara 40, an tarar sun fi waɗanda aka haifa bayan yaƙin yawan hawan jini, da sukari a jini, da ƙiba. Jikin da ya saba da ƙaranci tun yana cikin mahaifa yakan kasa jure yalwa daga baya. Yaran da aka haifa a sansanonin gudun hijira na Maiduguri, irin su Bakassi da Dalori, suna bukatar a sa musu ido tun yanzu, domin abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Akwai kuma wata al'ada da ya wajaba a duba. A wurare da yawa ana ɗaukar tumbi alamar arziki, rama kuwa alamar wahala. Ɗan ci-rani ba ya son ya koma gida a ce kudu ba ta karɓe shi ba, amarya kuma ba ta son a ce ba a kula da ita. Saboda haka wasu ke sayen ƙwayoyin da ake kira sha ka fashe. Da yawa daga cikin waɗannan ƙwayoyi dexamethasone ne, watau ɗan'uwan kotizol ɗin nan da aka ambata, har ma ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Mai shansa ba da izinin likita ba yana saya wa kansa kumburin fuska, da ciwon sukari, da hawan jini, da raunin ƙashi. Wanda ya daɗe yana sha kada ya daina farat ɗaya, domin hakan ma hatsari ne. Ya je likita ya rage masa sannu a hankali.

ABIN DA MUTUM ZAI IYA YI

Na farko, awo. Tef ɗin tela ya isa. A auna ƙugu wajen cibiya: in na namiji ya kai santimita 94, kimanin inci 37, ko na mace ya kai santimita 80, to, lokacin yin hattara ya yi. Awon jini da ya kai 140 bisa 90 a lokuta daban-daban hawan jini ne. Sukarin da ya kai 126 da safe kafin a karya kumallo alama ce ta ciwon sukari, sai a maimaita awon a asibiti. Waɗannan cututtuka sukan yi shekaru ba su nuna alama ba, sai shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda ya tona su.

Na biyu, motsi da abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar tafiya da sauri ta minti 150 a mako, watau rabin awa a kwanaki 5. Ta kuma ce gishiri kada ya kai giram 5 a yini, sukari kuma kada ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12, alhali babbar kwalbar lemo guda ɗaya tana iya cike wannan adadi. Gero da dawa da wake da zogale da kuka da kifin banda, abincin da aka taso da shi a gida, sun fi taliyar leda amfani. Motsa jiki kuwa yana rage sukari, yana kuma sauƙaƙa ƙuncin zuciya.

Na uku, magana. Hausawa na cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma riƙe sirri hali ne na kirki. Amma wanda ya yi mako 2 ko fiye cikin baƙin ciki, ba ya jin daɗin abin da ya saba so, barcinsa da cin abincinsa sun sauya, ko yana jin gara ya mutu, wannan ciwo ne da ke da magani, kuma ba raunin imani ba ne. Addu'a da zuwa asibiti ba sa karo da juna. A Maiduguri akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a kan hanyar Baga. Mazauna kudu kuwa suna da irinsa a Yaba ta Ikko, da Aro ta Abekuta, da Binin, da Inugu, da Kalaba. Wasu magungunan damuwa suna ƙara nauyi, saboda haka a gaya wa likita in an ga jiki yana hauhawa, ya duba ko zai sauya.

KIRA GA HUKUMA DA SHUGABANNI

A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Doka a takarda ba ta warkar da kowa sai an sa mata kuɗi da ma'aikata. Abin da talaka ke bukata shi ne a ƙaramin asibitin unguwarsa a auna masa jini da sukari, a kuma tambaye shi halin da zuciyarsa take ciki, duka a zama ɗaya. Sarakunan Hausawa na kudu, da limamai, da shugabannin 'yan kasuwa da na direbobi, suna da ikon gayyato ma'aikatan lafiya su yi awo a ƙofar masallaci bayan sallar Jumma'a, su kuma riƙa leƙa ɗan'uwan da aka ga ya janye daga jama'a. Iyali a gida suna dogara ne ga lafiyar wanda ke aiko musu da kuɗi. In ya kwanta, gida guda ne ya kwanta. Allah Ya ba Barno da Nijeriya baki ɗaya lafiya da zama lafiya. Amin.