Ciwon Kwatangwalo Da Gaɓoɓi A Jikin Ƙananan Karnuka

Abin da za mu yi magana a kai yau shi ne wata cuta da ke kama kwatangwalon karnuka tun suna ƙanana, da waɗansu cututtukan gaɓoɓi masu kama da ita. Wataƙila wani ya ce, me ya kai hukuma ga zancen ƙafar kare? Dalili shi ne, kare ma'aikaci ne a ƙasar nan. Shi ke gadin gida da kanti da gona, shi ke bin makiyayi da maharbi daji, 'yan sanda da jami'an hana fataucin miyagun ƙwayoyi kuma suna aiki da shi. Har ila yau, mutane da dama a biranenmu suna zuba kuɗi masu yawa wajen sayen manyan karnukan ƙasashen waje, kamar su Alseshan da Rotwaila da Labrado, waɗanda kuwa suna cikin irin da cutar ta fi kamawa. Mutum ya sayi kwikwiyo lafiyayye, ya yi ta ɗawainiya da shi, kafin shekara ta zagayo sai ya ga kare ya kasa miƙewa. Ga hasarar dukiya, ga dabba cikin azaba.

Yadda Cutar Take

Mahaɗar kwatangwalo tana kama da turmi da taɓarya. Kan ƙashin cinya mulmulalle ne, yana zaune daram cikin wani gurbi a ƙashin ƙugu. Jijiyoyi da tsoka ne ke riƙe su tare, guringuntsi mai santsi kuma ya lulluɓe inda suke haɗuwa don kada ƙashi ya gogi ƙashi. Kwikwiyon da zai kamu da cutar ma, da lafiyayyen kwatangwalo ake haihuwarsa. A makonnin farko na rayuwarsa ne jijiyoyin ke yin sako-sako, kan ƙashin cinya ya riƙa zamewa yana komawa duk lokacin da ya taka. Da ya ke gurbin bai gama ƙwari ba a wannan lokaci, sai ya baje, ya zama kamar faranti maimakon akushi mai zurfi. Daga nan guringuntsi ya soma cinyewa, mahaɗar ta kumbura, a ƙarshe amosanin gaɓɓai ya shiga, wanda ba ya rabuwa da kare har tsufansa. Wani likitan dabbobi mai suna Schnelle, a birnin Boston na Amurka, shi ne ya fara bayyana cutar a rubuce cikin shekarar 1935.

Abin Da Ke Kawo Ta

Tushen cutar gado ne. Kare ko karyar da ke da ita suna iya sa wa 'ya'yansu, ko da su kansu ba su taɓa yin ɗingishi ba. Ta fi yawa ga manyan karnuka masu nauyi da saurin girma, ba ta kuwa cika kama sirara marasa nauyi ba, irin waɗanda aka sani da gudu. Amma irin riƙon da aka yi wa kwikwiyo shi ke sa gadon ya fito fili da wuri, ko kuwa ya yi sauƙi.

Babban abin da ke tsananta ta shi ne ƙiba. A Amurka an yi wani gwaji da karnukan Labrado 48, aka raba su gida biyu, 24 a kowane gida. Kashi na farko aka bar su suna cin iyakar cinsu, kashi na biyu kuwa aka rage musu rubu'in abincin tun suna da mako 8. Sakamakon da aka buga a 1992 ya nuna cewa da suka cika shekara 2, karnuka 16 cikin masu cin iyakar cinsu sun kamu da ciwon kwatangwalo, alhali 7 ne kaɗai suka kamu cikin waɗanda aka rage wa abinci. Aka ci gaba da lura da su har ƙarshen rayuwarsu, a 2002 aka ba da labarin cewa waɗanda aka rage wa abinci sun fi 'yan'uwansu tsawon rai da kusan shekara 2. Saboda haka mai ɗura wa kwikwiyo abinci don ya yi girman ban tsoro, ya sani cutar da shi yake yi.

Wani bincike da aka yi a ƙasar Norwe, wanda aka buga a 2012, ya gano cewa kwikwiyon da ke hawa da saukar matakala kafin ya cika wata 3 ya fi shiga haɗarin kamuwa, wanda kuwa ke sakewa yana wasa a fili mai taushin ƙasa haɗarinsa ya ragu.

Alamomin Da Za A Lura Da Su

Yawanci alamomin suna bayyana ne tsakanin wata 5 da shekara guda. Za ku ga kare yana shan wahala wajen tashi, musamman da safe ko bayan ya yi gudu. In yana gudu sai ya haɗa ƙafafun baya biyu ya riƙa ɗaga su tare kamar zomo. In yana tafiya ƙugunsa na rangaji. Yakan ƙi hawa matakala ko shiga mota, yakan zauna a karkace, cinyoyinsa su rame alhali ƙirjinsa na cika, domin ya mai da nauyinsa kan ƙafafun gaba. Wani karen sai ya yi kamar ya warke bayan ya shekara, ciwon ya kwanta, ya sake tasowa da ƙarfi sa'ad da ya manyanta.

Waɗansu Cututtukan Gaɓoɓi

Lalle ne a sani cewa ba kowane ɗingishi ne ciwon kwatangwalo ba. Akwai irinsa da ke kama gwiwar ƙafar gaba, shi ma gadonsa ake yi. Akwai wanda guringuntsin kafaɗa ke tsagewa ya ɓamɓaro, yawanci tsakanin wata 4 da wata 8. Akwai kuma wani ciwon dogayen ƙasusuwa da ya fi kama Alseshan, inda ɗingishin ke tashi daga wannan ƙafa ya koma waccan, shi kam yakan wuce da kansa in kare ya gama girma.

Na ƙarshe ya danganci abinci. Ƙashi yana bukatar sinadarin kalsiyam, tsokar nama da hanta kuwa ba su da shi sai ɗan kaɗan. Kwikwiyon da aka raina da nama zalla, ko da tuwo da ragowar shinkafa kaɗai, ƙasusuwansa kan yi laushi, ƙafafu su lanƙwashe, har ya karye ba da wani dalili ba. Amma kuma yawan kalsiyam ɗin shi ma illa ne, domin jikin ƙaramin kwikwiyo ba ya iya ƙin abin da ya wuce bukatarsa. Kada a ƙara masa ƙwayar kalsiyam sai da izinin likita.

Bincike Da Magani

Hoton ƙashi ne kaɗai ke tabbatar da cutar. Likita zai yi wa kare allurar barci, ya motsa mahaɗar ya ji ko tana zamewa, sa'an nan ya ɗauki hoto. A Ingila, inda aka kafa tsarin tantance kwatangwalon karnuka tun 1965, sai kare ya cika shekara guda ake auna shi. A Amurka ƙungiyar da aka kafa don wannan aiki a 1966 tana ba da takardar shaida ne in kare ya cika shekara 2. Akwai kuma hanyar da aka ƙago a Jami'ar Pennsylvania, mai suna PennHIP, wadda ke iya gano sako-sakon tun kwikwiyo yana da mako 16. A nan gida, ban da asibitocin dabbobi na jihohi, akwai asibitocin koyarwa na jami'o'i a Zariya da Ibadan da Nsukka da Maiduguri da Sakkwato.

Ba a kawar da cutar da ƙwaya ko allura, amma ana sassauta ta ƙwarai. Karnuka da yawa suna rayuwa cikin walwala in an rage musu ƙiba, ana fita da su tafiya a hankali kullum, ana kuma ba su maganin rage zafi wanda likita ya rubuta. In abin ya tsananta akwai aikin fiɗa. Wani aikin sai kafin kwikwiyo ya cika wata 5 yake amfani, shi ya sa jinkiri ke da haɗari. Ana iya yanke kan ƙashin cinya don a hana gugar, tsoka ta riƙe ƙafar, ko kuma a sauya mahaɗar baki ɗaya, ko da ya ke wannan yana da tsada ainun.

A nan tilas in yi gargaɗi. Kada ku ba kare maganin ciwon jiki na mutane. Ibufurofen da dikulofenak suna yi masa gyambon ciki, suna lalata masa ƙoda, har su kashe shi. Farasitamol in ya yi yawa yana lalata masa hanta. Ɗori ma ba ya yi, domin babu karaya a wurin.

Shawara Ga Masu Saye Da Masu Kiwo

Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama. Kafin ku biya kuɗin kwikwiyo, ku nemi ganin uwarsa, da ubansa in da hali, ku ga yadda suke tashi da gudu, ku tambayi ko an taɓa ɗaukar hoton kwatangwalonsu. In kun kawo shi gida, ku auna masa abinci, ku riƙa shafa gefen ƙirjinsa. Muddin ba ku ji haƙarƙarinsa cikin sauƙi ba, to, ya yi ƙiba. Ku hana shi hawa bene yana ƙarami, ku shimfiɗa masa buhu ko tabarma inda daɓe ke da santsi, kada kuma ku sa shi bin keke ko babur kafin ƙashinsa ya nuna.

Ku kuwa masu kiwo don sayarwa, nauyi mafi girma yana wuyanku. Karen da aka tabbatar yana da cutar, namiji ne ko mace, kada a sa shi barbara, komai kyansa da tsadarsa. Wanda ya sayar da 'ya'yan irin wannan kare yana sane, ya ci amanar mai saye, ya kuma yaɗa cutar cikin ƙasa.

Daga ƙarshe, ina roƙon kowa ya isar da wannan bayani ga maƙwabcinsa. Dabbar da ke hannunmu amana ce, ba ta da bakin faɗin inda ke mata ciwo, sai mai ita ya lura. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin alamomin da na ambata, ya garzaya da karensa asibitin dabbobi mafi kusa tun kafin abu ya yi nisa. Allah ya ba mu lafiya, mu da dabbobinmu, amin.